Takardar da Baba Ya Miƙa wa Kawu

A daminar 1958 ina da shekara talatin ba ɗaya, ina tuƙa babbar mota tsakanin Kano da Damagaram. Gyaɗa da fatu nake saukowa da su, in koma da yadi da goro da kananzir. Gidanmu yana Fagge, mu Barebari ne, amma Hausa muke yi a gida sai in Baba da Inna suna son su faɗi abin da ba sa so mu ji. Baba dillalin yadi ne a Kantin Kwari, kowa ya san shi da rashin yawan magana. Abu ɗaya ne kawai ke sa shi ɗaga murya, wato in an ambaci Faransa.

Dalili kuwa, a ƙasar da Faransa ke mulka aka haife shi, a wani ƙauye gabas da Damagaram. Yana saurayi aka kama shi aikin tilas, suna ɗaukar duwatsu a ka ana shimfiɗa hanya. Wata huɗu ya yi, ya ga an binne mutum uku daga ƙauyensu, sai ya gudu ya bi ayarin masu kanwa har Kano. Tun daga ranar bai sake taka ƙasar ba. Mahaifiyarsa ta rasu bai je ba. Da na kama tuƙi a hanyar, bai hana ni ba, amma bai taɓa tambayata yadda garin yake ba.

Kawu ƙanen Inna ne. Shi a can ya tashi wurin kakarsu, lokacin da mahaifinsu ya taho Kano da Inna. Faransa ta ɗauke shi soja, ya yi yaƙi a ƙasar Turawa, ya dawo da igiyar saje da ɗingishi a ƙafar hagu. Mutum ne mai fara'a da son hira. In na je Damagaram nakan ratsa ƙauyensu in gaishe shi, kuma a wannan shekarar na tarar yanar ido ta rufe masa idanu biyu, sai an ja masa sanda. Na ce ya shirya in kai shi asibitin ido na Sabon Gari. Ya ɗan yi gardama, matarsa ta sa baki, ya yarda.

Lokacin ƙasarsu ta ɗauki zafi. Shugaban Faransa ya ba kowace ƙasa da suke mulka zaɓi biyu. In ta ce Eh, za ta zauna cikin wata sabuwar tarayya da Faransa ke jagoranta, tana gudanar da harkokinta na cikin gida. In ta ce A'a, ta fita nan take, ta zama mai cin gashin kanta, Faransa kuma ta kwashe ma'aikatanta da kayanta ta bar ta. An sa ranar zaɓe ƙarshen Satumba. Duk tashar da na tsaya maganar ke nan, masu shayi da masu awon gyaɗa da mata a bakin rijiya.

Ranar da muka iso Fagge, Inna ta rungume ƙanenta tana hawaye. Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, suka gaisa da Barbarci. Ba a gama cin tuwon rana ba Baba ya ce, "To Saje, an ce Allah ya kawo muku ranar fita."

Kawu ya ajiye cokalin miya ya ce, "Fita zuwa ina, Yaya?"

"Zuwa gidanku mana. Mutum ya buɗe maka ƙofa ya ce ga hanya, kai kuma ka tsaya kana tambaya?"

"Ni Eh zan jefa."

Baba ya dube shi, ko da yake Kawu ba ya ganinsa. Ya ce, "Saboda fansho."

Na ga fuskar Kawu ta canza. Ya ce, "In don shi ne da na faɗa maka, ba na jin kunyarsa, da ƙafata na saye shi. Amma dubi ni nan. Ƙasa guda na ratso don ba mu da mai cire yanar ido. Ɗan abin da muke da shi, malamin asibiti ɗaya ne da makaranta mai aji biyu da rijiyar siminti. In suka tafi da fushi gobe, wa zai riƙe su? Ku nan Ingila ta ce muku ku shirya, tana koya wa yaranku aiki. Mu an ce mana ko yau ko babu."

"Shekara sittin suna can ba su koya muku ba, sai yanzu za su koya?"

"Shi ya sa nake cewa a riƙe su sai sun koya."

Inna ta leƙo ta ce miya tana hucewa. Suka ci gaba da cin abinci.

Washegari na kai shi asibiti. Likita ya duba ya ce za a fara da idon dama, na hagu sai bayan wasu watanni. Aka yi aikin, Kawu ya kwana tara a kwance rigingine, an naɗe idon biyu, an tokare kansa da jakunkunan yashi don kada ya motsa. Baba yana zuwa kullum bayan la'asar, a ƙafa daga Kantin Kwari, ya zauna a bakin gado. An gargaɗe mu kada a sa mara lafiya tari ko dariya ko fushi, saboda haka Baba ya riƙe bakinsa. Labarin farashin atamfa yake ba shi, da na wanda ya tafi Makka, da na wanda ya aurar da 'ya. Kawu ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa jin hira mai gundura irin wannan ba, har ya fi son a yi faɗan.

Da aka sallame shi, aka ce ya riƙa zuwa kowace safiya ana wanke idon. Daga Fagge zuwa asibitin akwai 'yar tafiya ga mai ɗingishi, ga taɓo. Sai makanikin da ke gyara mini mota ya ce a kawo shi gidansa. Mutumin Ibo ne, Kirista, ya fi shekara ashirin a Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Mai Gareji muke ce masa. Gidansa yana bayan garejin, layi biyu tsakaninsa da asibiti. Matarsa ta share ɗakin da take ajiye keken ɗinki, ta sa buta a bakin ƙofa, ta tambaye ni ina ne gabas don ta san yadda za ta juya gadon. Inna tana aiko da tuwo, ita kuma tana dafa masa farfesun kifi mai yaji wanda ya ce ko a barikin soja bai sha irinsa ba.

A nan ne gardama ta dawo, don Mai Gareji yana da rediyo kuma Kawu yana jin Faransanci. Da yamma sai a fito da benci ƙarƙashin rumfar kwano, a kamo tashar, Kawu yana fassara. Baba kullum yana zarginsa da rage maganar 'yan A'a yana ƙara wa ta 'yan Eh gishiri. Kawu yana cewa to ya je ya koyi yaren.

Wata rana Baba ya juya wurin Mai Gareji yana neman mai goya masa baya. Ya ce, "Ku mutanen Kudu ai ku ne kuka fi kowa cewa Bature ya tafi. Gaya wa surukina."

Mai Gareji yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Baba, ni ina so ya tafi, ko yau. In ni ne da ƙuri'a a hannu, ina jin A'a zan jefa. Amma ka tuna shekara biyar da suka wuce, da aka ce Arewa za ta ware. Manya suna magana a Ikko, mu nan muka ga wuta. Kwana huɗu ni da yarana muna cikin ramin da nake shiga in duba ƙarƙashin mota. Tun daga lokacin, in na ji an ce a raba ko a fita, sai in fara tambaya wa zai kwana a rami. Saje yana tsoro ne, kuma ni ba zan yi wa tsoronsa dariya ba."

Baba ya ce, "Ni ma na kwana a rami. A ramin tsakuwa, da igiya a ƙugu."

"Na sani, Baba. Shi ya sa kai ma ba zan yi maka dariya ba."

Ni kaina ban san inda na tsaya ba. Ina son Baba ya ga ranar da zai ce an rama masa. Amma hanyar nan ita ce abincina, kuma direbobi suna cewa in ƙasar ta ce A'a ba wanda ya san ko za a rufe kan iyaka. Da Baba ya tambaye ni ra'ayina, na ce ni ɗan Najeriya ne, ba ni da kati. Ya ce wannan amsar matsorata ce. Ban musa ba.

Saura kwana biyar zaɓe Kawu ya ce zai tafi gida. Likita ya ce bai so ba. Idon yana warkewa, ya fara ganin inuwar mutane da hasken ƙofa, amma tabarau ba za a auna masa ba sai nan da wata guda, kuma girgizar mota a hanyar damina tana iya ɓata aikin. Inna ta roƙe shi, ta yi fushi, ta ce ƙuri'arsa ɗaya ba za ta sauya komai ba. Ya ce, "Yaya, sun ɗauke ni yaƙi ba su tambaye ni ba. Sun sallame ni ba su tambaye ni ba. Yau sun tambaye ni, sai in ce ina Kano ina shan farfesu?"

Na ɗauka Baba zai yi murna in Kawu ya makale a Kano, don Eh ɗaya ta ragu. Yana zaune yana jin su, bai sa baki ba sai da Inna ta gaji. Sannan ya tambaye ni ko ina da lodi. Na ce akwai yadi da zan kai Damagaram ranar Juma'a. Ya ce, "Gaban motar zai ɗauki mutum uku?" Na ce zai ɗauka. Ya ce wa Inna ta ɗaure masa riga biyu da matashin kai.

Inna ta ce, "Malam, kai za ka je? Can?"

Ya ce, "Wa zai riƙe masa kai? Ɗanki tuƙi zai yi."

Mai Gareji ya ɓata yini guda yana gyara sifirin ɗin gaba don rage girgiza, ya ƙara wa kujera soso, ya rage wa tayoyi iska kaɗan. Ya ja ni gefe ya ce kada in wuce giya ta biyu in mun bar kwalta, ko da masu kayan za su zage ni.

Muka tashi bayan sallar asuba. Har Daura lafiya, daga nan hanya ta zama kwari da tudu, ruwa ya cinye ta. Baba ya zauna a tsakiya, ya ɗora matashi a ƙirjinsa, ya kwantar da kan Kawu a kai, ya riƙe shi da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. In na hango rami sai in ce ga shi nan, shi kuma ya ƙara matsewa. Tafiyar da nake yi a yini ɗaya sai da ta ci mana biyu. Kuma ko a haka ba su daina ba. Kan Kawu yana kan ƙirjin Baba yana cewa ƙasa ba ta tashi da fushi, Baba yana amsa masa daga sama cewa ba ta tashi da bara.

A haka muka iso kan iyaka. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya zo ya leƙa, ya san ni, da ya ga Kawu sai ya ƙame masa don wasa. Ya tambayi wane ne dattijon. Kawu ya ce, "Yayana ne, ɗan ƙasa ne, ya daɗe a tafiya." Mutumin ya ce sannu da zuwa Baba, ya ɗaga mana sanda. Sai da muka yi nisa Baba ya sassauta riƙon matashin.

Gaba da Damagaram, inda hanya ta ratsa wani fako mai jajayen duwatsu, Baba ya ce in tsaya. Nan ne suka yi aikin tilas. Ya sauka, ya taka gefen hanyar 'yan taku, ya tsaya yana kallon gabas da yamma. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Da ya dawo ya ce, "Ta fi yadda na sani ƙanƙanta." Kawu ya lallaɓa ya kama hannunsa.

Mun isa ƙauyen ranar Asabar da yamma. Duk da lallaɓawar da muka yi, idon ya yi ja yana zubar da ruwa. Malamin asibitin garin ya wanke shi, ya ce ciwon bai buɗe ba, amma a rufe shi kwana uku kada rana ta taɓa shi. Ya naɗa bandeji. Kawu ya koma makaho kamar yadda na ɗauko shi.

Ranar Lahadi aka yi zaɓen a farfajiyar makarantar. Layin maza daban, na mata daban. A kan tebur akwai takardu kashi biyu masu launi daban-daban, da ambulan. Kowa zai ɗauki biyun, ya shiga bayan zana, ya sa ɗaya a ambulan, ya fito ya jefa a akwati. Abin da ban so ba shi ne dogaran da suka tsaya kusa da teburin. Suna gaya wa mutane a fili wadda sarki yake so, wato ta Eh, wasu tsofaffi ma ba sa ɗaukar ɗayar takardar don kada a gan su. Baba ya raɗa wa Kawu abin da yake gani. Kawu ya ce, "Ƙarya kake." Ya tambaye ni, na ce gaskiya ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan ba shi ne abin da na zo yi ba."

Da layi ya zo kansa, wani dogari ya matso da fara'a ya ce, "Saje, kawo hannu in sa maka taka, mun san inda ka dosa."

Kawu ya janye hannunsa ya ce, "Ina da mai ja mini gora."

Malamin da ke kan tebur ya yarda wani ɗan'uwa ya shiga da shi. Ni ina tsaye a bayansu, na ɗauka ni zai kira, tunda ya san ba ni da ɓangare. Sai ya ce, "Yaya, zo mu je."

Zanar ba ta kai ƙasa ba kuma ba ta da tsawo, ina hango kawunansu, ina jin su sarai. Kawu ya ce, "Ba ni ta Eh." Baba ya tsaya da takardu biyu a hannu. Bai iya karatun boko ba, amma tun safe ya ji launin kowacce. Ya daɗe, har malamin teburin ya yi gyaran murya. Sannan ya ce, "Ga ta. Wallahi da ni ne da ba ita ba." Kawu ya ce, "Na sani." Ya lalubi ambulan ya sa, suka fito, Baba ya ɗora hannun Kawu a bakin akwatin.

A hanyar komawa gidan Kawu na matsa kusa da Baba na tambaye shi a hankali ko ta Eh ɗin ya ba shi da gaske. Ya dube ni da wani irin kallo da ban manta ba, ya ce, "Kai wane irin mutum ka ɗauke ni?" Na ji kunya har na rasa inda zan sa fuskata.

Kwana biyu muka ƙara. Labari ya bazu cewa ɗan gidan wane da ya gudu tun zamanin aikin hanya ya dawo. Tsofaffi suka riƙa zuwa, wasu ya gane su, wasu sai an yi masa bayani. Wata tsohuwa ta zo a kan jaki daga ƙauyensu, ashe 'yar baffansa ce da suka yi kiwo tare. Ita ta kai shi inda aka binne mahaifiyarsa. Ban bi su ba, na tsaya ina loda fatu.

Muna Damagaram a hanyar dawowa muka ji sakamako. Ƙasar ta ce Eh. Cikin duk ƙasashen, Gini ce kaɗai ta ce A'a ta fita. Baba ya ce Allah ya yi wa mutanen Gini albarka. A Daura ya ce in tsaya ya sayi fura, ya sha, ya ce ta can ta fi.

Bayan sati biyar na koma na ɗauko Kawu don awon tabarau. Ya sake sauka a gidan Mai Gareji. Lokacin labari yana ta zuwa cewa Faransawa suna kwashe komai daga Gini, har da wayoyi da magunguna. Kawu ya ce wa Baba ka gani. Baba ya ce na gani, ka ga irin mutanen da ka zaɓa ka zauna da su. Mai Gareji ya ce in za su ci gaba da haka zai fara kashe rediyon.

Ranar da aka ba Kawu tabarau dukkanmu muka je, har da Inna da matar Mai Gareji. Gilashin kauri ne da shi kamar gindin kwalba, ya sa idonsa na dama ya yi ƙato. Ya sa shi, ya ɗan yi tangaɗi, ya kama kafaɗata. Ya dubi bango, ya dubi hannunsa, sannan ya juya ya tsaya a kan Inna. Rabonsa da ganin fuskarta shekara goma sha ɗaya. Ya ce, "Yaya, yaushe kika zama Innarmu?" Ta rufe baki da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba. Sai ya nemi a nuna masa matar da ke dafa masa kifi, ya gaishe ta ya ce ashe yarinya ce, shi da yake ce mata Mama.

Ya ƙi hawa mota daga asibitin. Ya ce a ƙafa zai je Fagge, yana so ya ga garin da ya yi wata biyu a ciki bai gani ba. Muka bi shi a hankali ta cikin kasuwar Sabon Gari, yana tsayawa a gaban kowace rumfa. A wurin masu tangaran ya sayi wa matarsa faranti mai zanen furanni, ya sa mai rumfar ya sauko da guda shida kafin ya zaɓi ɗaya.